Yadda Ake Zaɓen Harsashin Ƙaramar Bindiga Don Kare Kai Daga Beyar

A dazukan Alaska da Montana da Wyoming a Amurka, masunta da mafarauta da masu yawon tsauni suna zaune ne kafaɗa da kafaɗa da beyar. Babbar beyar ta tsibirin Kodiak takan haura kilo 600, kuma gudunta na kaiwa kilomita 55 a awa. Idan ta taso maka daga nisan mita 30, daƙiƙa biyu kacal gare ka. Don haka kada girman harsashi ya ruɗe ka. Wanda ya dace da kai shi ne wanda za ka iya harbawa da sauri ka samu dabbar, kuma ya ratsa ƙashi.

Mataki na 1: San dabbar da ke yankin
Baƙar beyar ta fi ƙanƙanta, kuma yawanci tsawa ma takan kore ta. Mai ruwan ƙasa, wadda ake kira girizli, ta fi jiki da zafin rai, musamman uwa mai 'ya'ya ko wadda ke gadin mushe. Farar beyar ta yankin ƙanƙara kuwa takan bi mutum a matsayin abinci. Tambayi ma'aikatan gandun daji wacce ce a wurin kafin ka je shago.

Mataki na 2: Duba doka
Tun 2010 an yarda a shiga gandun dajin tarayya na Amurka da bindiga bisa dokar jihar da yake ciki. Kanada kuwa ta tsaurara sosai kan ƙananan bindigogi, baƙo ba zai shiga daji da ita haka kawai ba. A jihohin Amurka da ke kudu da Kanada, girizli na ƙarƙashin kariyar doka tun 1975.

Mataki na 3: Zaɓi kaliba
Kaliba ita ce faɗin harsashi, kuma nan ne ake yawan gardama.

.357 Magnum, wanda ya fito a 1935, shi ne mafi ƙanƙanta da akasarin masana ke amincewa da shi. Ya wadatar a yankin baƙar beyar.

10mm Auto ya samu karɓuwa domin bindiga irin Glock 20 tana cin harsashi 15, kuma tokarinta a hannu da sauƙi. Ita ce sojojin Denmark masu sintirin Sirius ke ratayawa a Girinland saboda farar beyar.

.44 Magnum na tsakiyar shekarun 1950 ya daɗe yana zama ma'auni a ƙasar girizli. Bindigarsa libarba ce mai cin shida, ba ta cika sarƙewa ba, amma tana dukan tafin hannu.

.454 Casull da .500 S&W Magnum sun fi kowanne ƙarfi. Sai dai idan ka harba, bakin bindigar yakan ɗaga sama, kafin ka dawo da saiti dabbar ta iso. Wanda bai saba ba ya bar su.

Mataki na 4: Zaɓi kan harsashi mai ratsawa
Wannan ya fi zaɓen kaliba muhimmanci. Harsashi mai rami a baki an yi shi ne ya buɗe da zarar ya shiga jiki, don haka yakan tsaya a kitse da tsokar kafaɗa. Nemi na taurararriyar dalma mai shafaffen baki da nauyi: kimanin giram 12 ga .357, giram 13 zuwa 14 ga 10mm, giram 19 zuwa sama ga .44. A 2016 wani jagoran mafarauta a Alaska, Phil Shoemaker, ya kashe girizli da 9mm mai irin wannan harsashi. Gwanintarsa ta shekaru ce ta yi aiki, kada ka ɗauke shi dalilin rage kaliba.

Mataki na 5: Gwada kanka
Je filin atisaye, ka kafa faranti a nisan mita 10. Zaro daga kube, ka harba uku a jere da harsashin da za ka shiga daji da shi. Idan kana runtse ido kafin ka ja kunama, ko harbi na biyu yana kaucewa, sauka zuwa kaliba ta ƙasa. Gwada da hannu ɗaya ma, domin ɗayan yana iya kasancewa a bakin dabba.

Mataki na 6: Rataya ta inda hannu zai kai
Kube na ƙirji ya fi, domin ɗamarar jakar goyo tana rufe ƙugu. Bindigar da ke cikin jaka ba ta da amfani. Haɗa da feshin barkono na korar beyar. Binciken Tom Smith da Stephen Herrero na 2008 a Alaska ya nuna kashi 98 cikin ɗari na waɗanda suka yi feshin ba su ji rauni ba.

Idan har ta kai ka ga kashe beyar, dokar Alaska ta wajabta ka sanar da hukuma nan take, ka miƙa fata da farata da ƙoƙon kai. Kafin a kai nan, riƙa ɗaga murya a hanya, ku yi tafiya cikin ayari, ka adana abinci nesa da tanti.