Yadda Ake Kula Da Kwamfireson Masana'anta A Lokacin Tsananin Sanyi

Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPhone a yanayin da ke tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos. Idan sanyi ya wuce haka, batir kan yi rauni, wayar ma tana iya ɗaukewa. To ba waya kaɗai sanyi ke yi wa haka ba. Manyan injunan masana'antu ma suna da iyaka, kuma kwamfireso na cikin waɗanda sanyi ya fi bai wa wahala.

Kwamfireso shi ne injin da ke zuƙo iska, ya matse ta, ya tara ta a tanki. Ƙaraminsa shi ne wanda mai faci ke bai wa taya iska da shi a bakin titi. Babbansa kuwa yana masana'antu, inda ake amfani da iskar wajen ɗaure kusoshi, da feshin fenti, da hura robobin lemo. Idan ya tsaya, aiki ya tsaya. A birni irin Winnipeg na ƙasar Kanada, inda sanyin dare a watan Janairu kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, sakaci na dare ɗaya ya isa ya fasa bututu ko ya ƙona inji. Abubuwa biyu ne ke jawo haka: ruwa da mai.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Babu mai zuba wa kwamfireso ruwa, shi ne ke tara abinsa. Iskar da mutane ke shaƙa tana ɗauke da laima. A digiri 20, mita ɗaya mai kusurwa huɗu ta kowane ɓangare, wato kubik mita ɗaya ta iska, ba ta iya riƙe ruwan da ya wuce kimanin giram 17.

Ga lissafin. Yawancin masana'antu suna aiki da matsin bar 7, wanda ke nufin an cusa kusan kubik mita 8 na iska cikin 1. Idan laimar iskar kashi 60 cikin 100 ce, kowace kubik mita tana da kimanin giram 10, jimla sama da giram 80. Da zarar matsattsiyar iskar ta huce zuwa digiri 20, giram 17 kawai za ta riƙe, sauran fiye da giram 60 su zama ruwa. Injin da ke zuƙar kubik mita 8 a kowane minti zai tara lita uku da wani abu a awa ɗaya.

Idan ruwa ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Wannan kumburin ne ke tsaga bututu da bawul. Ƙanƙara kuma tana toshe ƙananan bututun da ke sanar da inji yawan matsi, sai ya ƙi tsayawa ko ya ƙi tara iska.

Matsalar mai

Man shanu idan ya kwana cikin sanyi yakan yi tauri. Haka man kwamfireso yake yin kauri. Idan aka tayar da inji a haka, man ba ya isa boris da wuri, ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe. Sannan injin lantarkin da ke juya shi, wanda dama yakan ja wuta ninki 6 ko fiye a lokacin tashi idan kai tsaye aka haɗa shi, zai ƙara shan wahala har na'urar kariya ta yanke wuta.

Lambar da ke jikin jarkar mai, kamar ISO VG 46 ko VG 32, tana nuna kaurinsa ne a digiri 40. Ƙaramar lamba, mai mara kauri. Amma ba a canza mai da ka, sai abin da littafin injin ya yarda da shi.

Shirin da ake yi kafin sanyi ya kankama

Na farko, ɗumama ɗakin. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada ɗakin kwamfireso ya sauka ƙasa da digiri 5. Injin kansa yana taimakawa, domin kusan duk wutar da yake sha zafi take komawa, don haka akan juyo da iskarsa mai ɗumi cikin ɗakin maimakon a fitar da ita waje.

Na biyu, tsiyaye ruwa daga tanki da filtoci kullum, a kuma gwada bawul mai zubar da ruwa da kansa.

Na uku, naɗe bututun da ke waje da abin tsare sanyi, tare da wayar lantarki mai ɗumama bututu.

Na huɗu, duba na'urar busar da iska. Wadda ke aiki kamar firji tana busar da iska ne zuwa kimanin digiri 3 kawai. Idan bututu ya ratsa inda ya fi haka sanyi, ruwa zai sake fitowa. A nan ake buƙatar mai ƙwayoyin tsotse laima, wadda ke kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili.

Matakan tayar da injin da ya kwana cikin sanyi

1. A kashe wuta daga tushe, a saki iskar da ta rage kafin a taɓa komai.
2. A ɗumama ɗakin da hita har injin da man su yi ɗumi. Kada a kuskura a narka ƙanƙara da harshen wuta.
3. A duba yawan mai da launinsa. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a canza.
4. A duba bel da robobi, domin sanyi yana sa su tauri su tsage.
5. A tabbatar bawul ɗin kariya bai daskare ba.
6. A tayar da inji ba tare da ɗora masa aiki ba, a sa ido a kan geji, a saurari ƙararsa.
7. A buɗe iska zuwa masana'anta a hankali, a bar shi ya yi aiki har ya yi zafi sosai. Kunnawa da kashewa cikin 'yan mintuna na barin ruwa a cikin mai.

Ina wayar hannu ta shigo?

Kamfanoni irin su Atlas Copco na ƙasar Suwidin suna sa wa injunansu na'urorin da ke aika bayanan zafi da matsi ta intanet. Tsarinsu mai suna SMARTLINK yana tura wa injiniya gargaɗi a waya ko kwamfuta. Sai dai manhaja gargaɗi kawai take yi, ba ta tsiyaye tanki.

A Kano ko Zinder ruwa ba ya daskarewa a bututu, amma hunturu na zuwa da ƙurar da ke toshe filtar iska, inji ya riƙa zafi yana shan wuta. Ruwan tanki kuwa ya fi yawa da damina, kuma shi ke cin ƙarfe da tsatsa daga ciki har tanki ya yi rauni. Don haka mai faci da mai fenti su ma su riƙa share filta da hunturu, su kuma buɗe bawul ɗin ƙasan tanki kowace yamma bayan an tashi aiki.