Dodon Koɗi A Lambu

Ya ku masu lambu na Sanyinna, ku lura. Dodon koɗi da dare yake fita, ya cinye salak da kabeji tun suna ƙanana. Da rana kuwa sai ya ɓuya cikin danshi.

Ga dabara. A yi ban ruwa da safe, don ƙasa ta sha iska kafin magariba. A kwashe ruɓaɓɓen ganye. A shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu kusa da fangali, da asuba a ɗaga, a tsince su, a ba agwagi.

Amma ƙanana na cikin kududdufi sun fi mugunta, gama su ke yaɗa tsargiya, watau fitsarin jini. Kada a aiki yaro ɗiban ruwa can. Rijiya ta fi.