Gwaggo za ta Ingila ita kaɗai: hukuncin tafiyar da abin da za a sa mata a jaka



A makon nan mutum uku ne suka turo mini tambaya iri ɗaya, kowa da salonsa. Mahaifiya ce ta manyanta, 'yarta ta haihu a ƙasar waje, biza ta fito mata ita kaɗai, ga Nuwamba ya kama. Malam, ya halatta ta tafi? In ya halatta, me za mu tanadar mata? Na ga gara in amsa a fili, don bara war haka abin a gidanmu ya faru.

Gwaggona, yayar mahaifina, ta haura sittin da biyar, mijinta ya rasu. 'Yarta ta haihu a Mancesta, haihuwar fari, kuma aiki aka yi mata. Ɗanta da aka so ya raka ta bai samu biza ba. Ta sa aka kira ni, ta ce: "To Liman, kai ne ka yi karatun. In haramun ne ka gaya mini in zauna, amma ka sani yarinyar nan ba ta da kowa a can." Wallahi na daɗe ban ji nauyin fatawa irin na ranar ba.

Asalin magana dai, hadisan da suka hana mace tafiya ba muharrami ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim. Ruwayoyin sun zo da tsawon tafiya daban-daban: kwana uku, kwana biyu, yini da dare, wata kuma ba a ƙayyade ba. Hanafawa da Hambalawa sun tsaya a kan zahirinsu har a aikin Hajji, kuma Shaikh Bin Baz da Shaikh Usaimin sun yi fatawar cewa jirgin sama ma bai canza hukuncin ba. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe igiya mai ƙwari, kada wani ya kira shi mai tsanani.

Amma ba nan malamai suka tsaya duka ba. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ce macen da ba ta sauke farali ba, kuma ba ta da muharramin da zai fita da ita, ta fita cikin ayarin mata. Daga nan ne Malikawa da Shafi'awa suke maganar amintattun abokan tafiya. Bukhari ya kawo cewa Sayyidina Umar, a hajjinsa na ƙarshe, ya yi wa matan Annabi (SAW) izinin fita, ya haɗa su da Usman da Abdurrahman ɗan Aufu. Akwai kuma hadisin Adiyyu ɗan Hatim, inda aka yi masa albishir da zamanin da mace za ta taso daga Hira ta zo ta yi ɗawafi cikin aminci. Sannan Abul Walid Al-Baji, babban Bamalikin Andalus, yana ganin hanin ya shafi matashiya ne, tsohuwar da ta wuce a yi sha'awarta tana iya tafiya. Nawawi ya kawo wannan magana a sharhinsa na Muslim kuma bai yarda da ita ba, to adalci shi ne in gaya muku hakan. A zamaninmu hukumar fatawa ta Masar tana halattawa idan an amince da hanya da masauki, ita ma Saudiyya ta janye sharaɗin muharrami ga maniyyata tun daga 2021.

Ni abin da na gaya wa Gwaggo shi ne: in da hali, muharrami ne gaba da komai, kuma ɗan da yake da kuɗi da biza ya bar uwarsa ta tafi ita kaɗai saboda kasuwa, ya ji kunya. In babu hali, ga buƙata ta gaskiya, ga shekaru, to ta tafi da sharaɗi. A miƙa ta a filin jirgi, surukinta (wanda muharraminta ne na har abada, mutane suna mantawa da wannan) ya tarbe ta a can, kuma a nemi amintattun mutane masu bin jirgin a haɗa ta da su. Wanda malaminsa ya hana, ya bi malaminsa, ba rigima.

Sai dai abin da nake so 'yan uwa su lura da shi: a wajen matashiya ana tsoron fitina, a wajen tsohuwa kuwa abin tsoron faɗuwa ne, da ɓacewa a filin jirgi, da hawan jini, da macuci mai neman wanda zai ɗora wa kaya. Fatawar da ba ta kalli waɗannan ba, rabin fatawa ce. Shi ya sa maganar jaka ta shigo darasi.

Mu fara da sanyi. Sanyinmu na hunturu busasshe ne, da hantsi ya daga an cire rigar sanyi. Nasu jiƙaƙƙe ne, da yayyafi da iska, yini guda ba a ga rana ba. A ƙarshen Nuwamba ma'aunin zafi a arewacin Ingila yakan tsaya ƙasa da 10 da rana, da dare yana iya kusantar sifili. Atamfa da leshi ba sa riƙe ɗumi, ado ne kawai. Dabarar ita ce sutura hawa-hawa: doguwar singileti da dogon wando masu kama jiki daga ciki, sai rigar ulu, sai doguwar riga, sai hijabi. Duk ana samunsu a 'yan gwanjo, mu a Ƙofar Wambai muka haɗa mata. Babbar rigar sanyi kuwa kada a ɓata kilo a kanta, mai tarba ya zo da ita filin jirgi a hannunsa. Takalmi ya zama rufaffe mai ƙasan roba, wanda ta riga ta saba da shi tun a gida. Silifas a kan jiƙaƙƙen ganyen da ya zube a gefen titi, hanyar asibiti ce, kuma karayar ƙugu ga mai shekara sittin da biyar ba ƙaramin abu ba ne. Ku tuna baƙo ba ya cikin tsarin magani kyauta a can. Sashen gaggawa ba a biya, amma in aka kwantar da mutum, kuɗin da ake caji baƙo ya ninka na asali sau ɗaya da rabi. Maganar inshorar tafiya akwai saɓanin malamai a kanta, wannan darasi ne na wata rana, amma a zauna a yi shawara kafin a tashi.

Hijabi mai jan ƙasa da matakalar nan mai tafiya da kanta ba sa shiri. Ta nemi lif. Mafi alheri ma, a nema mata keken guragu tun wajen sayen tikiti, aƙalla kwana biyu kafin tashi. Kyauta ne. Gwaggo ta ce ita da ƙafarta ba mai tura ta kamar gawa. Na ce Gwaggo, ba don ƙafar ba ne, mai turawar shi ne ɗan jagora, shi zai kai ki ƙofar jirgi na biyu ba tare da kin karanta allo ko ɗaya ba. Sai da ƙyar ta yarda, daga baya kuma ita take ba tsofaffin unguwa shawarar.

Inda muka fi yin gardama shi ne magani. Ta riga ta juye maganin hawan jini da na suga a ƙullin leda ɗaya, ta cusa a ƙasan babbar akwati. Na zazzage. Magani yana tafiya ne a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da sunanta da sunan kowane magani. Mai allurar insulin kada ta yarda ta shiga cikin kayan da ake lodawa a ƙasan jirgi, sanyin wurin yana iya lalata ta. Magungunan ciwo irin su tramadol da kodin suna ƙarƙashin doka ta musamman, ba a shiga da su ba takarda. Allah da ikonsa, akwatinta ta maƙale a inda suka canza jirgi, sai bayan kwana biyu ta iso. Da maganin yana ciki fa? A jakar hannun kuma a sa kaya canji ɗaya, da tabarau, da cajar waya (soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, an huta), da takarda da aka rubuta da Turanci: sunanta, cutukanta, adireshi da lambar mai tarba, da cewa Hausa take ji. Kwafi biyu, ɗaya a jaka ɗaya a aljihun riga.

Sannan saƙo. Iyayenmu suna da kunya, ba sa iya cewa a'a, kuma macuta sun san haka. Ba mu manta ɗalibar nan da aka kama a Madina a ƙarshen 2018 ba, saboda wata jaka mai ƙwaya da aka maƙala wa sunanta, sai a Afrilun 2019 aka sake ta bayan gaskiya ta bayyana. Kada ta karɓi ƙullin kowa a filin jirgi, ko da mai shi yana kuka yana haɗa ta da Allah. Saƙon 'yan uwa ma a buɗe a gani tun a gida. A ƙirga jakunkunanta a gabanta, a ɗauki hotonsu da na takardar awo.

Tsaraba kuwa, nan ne zuciya take karyewa. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk nama da kayan madara daga ƙasashenmu an hana shiga da su Birtaniya, kuma ɓoyewa a cikin zani ha'inci ne, bayan asara. Busasshen kifi, zuma kaɗan da dabino an yarda. Kuka, daddawa da yaji ana sayar da su a shagunan 'yan Afirka a can, in kuma lallai sai na gida, a ɗaure da kyau a rubuta sunan kowanne, in an tambaya a faɗi gaskiya. Kanwa kam na hana ta. Ban da kamarta da abin zargi, likitocin Zariya sun daɗe da danganta kunun kanwa mai yawa da wankan tafasasshen ruwa da ciwon zuciyar masu jego. Turare na ruwa da humra su shiga babbar akwati, a jakar hannu ƙa'idar da aka saba ita ce kwalba kada ta wuce mililita 100.

Mu zo kan sallah, wadda ita ce ta fi ruɗa ta. A Kano magariba tana kusan ƙarfe shida a wannan wata. A Mancesta wajen ƙarfe huɗu rana take faɗuwa, azahar wajen sha biyu, la'asar kafin ƙarfe biyu, kuma ba ladan da za ta ji ta taga. Wadda ta saba jiran biyu ta yi azahar, to ta shiga lokacin la'asar ba ta sani ba. A manna mata jadawalin masallacin unguwa da manyan lambobi, a gyara agogonta, domin daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba muna gabansu da awa ɗaya. Alƙibla can kudu maso gabas take, a nuna mata tun daren farko. Ƙasaru tana yinta a hanya, amma tunda ta yi niyyar zaman da ya kai kwana huɗu, da ta isa sai ta cika. A cikin jirgi in ta samu wurin tsayuwa ta tsaya, in babu ta yi a zaune da ishara, kada ta bari lokaci ya fita. Ta tafi da ƙaramar butar roba, ba ruwa a ciki, don banɗakinsu takarda ce kawai.

Zaman awa shida ko fiye yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, musamman ga tsofaffi. Ta riƙa tashi tana takawa, ta sha ruwa. Na san dalilin da ya sa ba sa sha, tsoron fitsari da sake alwala ne. To ga sauƙin da shari'a ta yi: ta yi cikakkiyar alwala a gida ta sa huffi, sai ta riƙa shafa a kai. A mazhabarmu sharaɗi ne ya zama na fata, ya rufe idon sawu. Hambalawa sun yarda da safa mai kauri, yini da dare ga mazauni, kwana uku ga matafiyi. Huffin fata mai zik muka saya mata, ya yi mata aikin alwala ya yi na ɗumi. Mai ramuwar azumi kuma da lafiyarta, yinin can wajen awa goma ne daga alfijir zuwa magariba.

Abu ɗaya ne na manta ban gaya mata ba, shi ne turaren wuta. Kwana uku da isarta ta kunna shi a ɗakin mai jego, na'urar hayaƙin da ke jikin silin ta ɗauki ƙara, jariri ya tsala ihu, maƙwabta suka fito. Abin dariya ne yanzu, amma garwashi a ɗakin da aka rufe ruf saboda sanyi yana fitar da iskar da ke kashe mutum cikin barci, ba wari ba launi. Kasko da gawayi su zauna a gida, in sai an yi turaren akwai kaskon lantarki, a buɗe taga.

Allah ne mafi sani. Allah Ya kai iyayenmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.