Yadda Za Ka Mayar Da Tsohuwar Kwamfuta Uwar Garken Waƙoƙi, Ka Riƙa Juya Ta Da Wayarka

Darasinmu na yau na masu shagon caji ne, da masu aski, da teloli, da duk wanda yake son sauti ya riƙa tashi a wurin sana'arsa tun safe har dare ba tare da wayarsa ta zama baiwar lasifika ba.

Ka shiga shagon aski a Janguza, ko ka zauna teburin mai shayi a Lambu, abu ɗaya za ka tarar: wayar mai wurin ce aka haɗa da lasifika ta Bluetooth. Kira ya shigo, waƙa ta tsaya. Ya buɗe saƙon murya a WhatsApp, duk wanda ke zaune ya ji sirrinsa. Ya tashi zai tafi masallaci, sauti ya bi shi. Ga wayar kullum a jikin caji, a zafin watan Afrilu, batirin yana ta kumbura a hankali.

Maganin wannan shi ne a raba aikin gida biyu. Kwamfuta ta ajiye waƙoƙin, ita ce kuma za ta kunna su. Waya ta zama rimot kawai. Manhajar da ke yin wannan aikin sunanta Music Player Daemon, ana taƙaita ta da MPD. Kyauta ce, Warren Dukes ne ya fara fitar da ita a 2003, daga baya Max Kellermann ya karɓi ragamar kula da ita. Kalmar Daemon da ke cikin sunan tana nufin manhajar da ke aiki a bayan fage, ba ta da taga ko maɓallin da za ka danna. Tana zaune ne shiru tana jiran umarni ta ƙofa mai lamba 6600. Ko ka kashe wayarka, ko ka tafi Kano da ita, waƙa ba za ta tsaya ba, domin tun farko ba wayar ce ke kunnawa ba. Kuma bayan ka gama girkawa, babu ko kobo na data da za ka ƙara kashewa.

Kayan aiki

Kowace irin tsohuwar laftof za ta yi, ko da allonta ya tsage, ko da memorinta giga 2 ne. Irin waɗanda ake samu da araha a Farm Centre ko titin Beirut sun isa har da ragi. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kwamfutocin da ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba sun yi yawa a hannun mutane, wannan kuwa aiki ne da ya dace da su. Wasu za su ce a sayi Raspberry Pi. Tana da kyau, amma ni ban ga dalilin kashe kuɗi ba alhali laftof tana zuwa da allonta, da Wi-Fi ɗinta, da ramin sa wayar lasifika, wutar da take ci kuma ba ta kai ta fankar silin ba.

Ka ɗora mata Linux Mint, samfurin Xfce, domin shi ne mara nauyi. Fayil ɗin ya kusa giga 3, don haka ka jira datar dare ko ka karɓa wajen wanda ya riga ya sauke. Lokacin girkawa ka zaɓi ta riƙa shiga kai tsaye ba tare da tambayar kalmar sirri ba. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba. Lasifika kuma ka haɗa ta da waya ta ramin iyafis, ba ta Bluetooth ba. Waya ba ta yankewa.

Girkawa

Ka ba kwamfutar intanet na ɗan lokaci, ka buɗe Terminal, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

sudo apt update
sudo apt install mpd mpc
sudo systemctl disable --now mpd.service mpd.socket
mkdir -p ~/Wakoki ~/.config/mpd/playlists

Layi na uku yana da muhimmanci. MPD tana iya tashi ta hanya biyu: a matsayin ta kwamfuta baki ɗaya, ko a ƙarƙashin sunanka. Ta farkon takan yi rigima da tsarin sauti, ka ga tana nuna waƙa na tafiya amma lasifika shiru. Shi ya sa muka kashe ta, za mu yi amfani da ta biyun. Ita kuwa mpc ƙaramar manhaja ce ta ba da umarni daga Terminal.

Yanzu ka kwafe waƙoƙinka cikin jakar Wakoki, sannan ka buɗe fayil ɗin saiti:

nano ~/.config/mpd/mpd.conf

Ka rubuta wannan a ciki:

music_directory "~/Wakoki"
playlist_directory "~/.config/mpd/playlists"
db_file "~/.config/mpd/database"
state_file "~/.config/mpd/state"
state_file_interval "30"
restore_paused "yes"
auto_update "yes"
volume_normalization "yes"
bind_to_address "any"
port "6600"
password "goro7391@read,add,control,admin"
password "baki2468@read,add"
default_permissions "read"
audio_output {
    type "pulse"
    name "Lasifikar shago"
}

Ka danna Ctrl da O, sai Enter, sai Ctrl da X. Kada ka kwafi kalmomin sirrin nan yadda suke, ka sa naka.

Layukan da suka shafi halin da muke ciki

Waɗanda suka rubuta MPD ba su san ɗauke wuta irin namu ba, amma sun bar mana abin da za mu yi maganinsa. Fayil ɗin state shi ne littafin da take rubuta inda ta tsaya: wace waƙa, minti na nawa, me ke cikin jeri. A saitinta na asali sai bayan sakan 120 da canji take adanawa. Idan batirin laftof ɗinka ya mutu, kamar yadda na yawancin tsofaffi yake, wuta na ɗaukewa take mutuwa nan take. Shi ya sa muka rage zuwa 30. Ga mai sauraron waƙar minti biyar wannan ba komai ba ne, amma ga mai bin tafsirin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam na sama da awa guda, komawa farko abin haushi ne.

Layin restore_paused yana sa idan ta tashi ta tsaya cak a inda take, sai ka ba ta izini. In babu shi, duk lokacin da aka kunna kwamfutar za ta ci gaba da waƙa da ƙarfin da aka bar ta, ko da kuwa an tada sallah a masallacin da ke kusa da kai.

Shi kuma volume_normalization yana daidaita ƙarfin sauti. Waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da ke yawo a wayoyi yawancinsu daga kaset aka kwafo su, sautinsu ƙasa-ƙasa ne. Idan waƙar Hamisu Breaker ko Nura M. Inuwa ta biyo baya, sai ka ji kamar lasifika za ta fashe. Wannan layin ba ya gyara komai ɗari bisa ɗari, masu kunnen sauti ma suna cewa yana ɗan danne armashin kiɗa, amma a shago ya fi tashi kowane minti biyar kana murɗa maɓalli.

Kalmomin sirri biyu muka sa da gangan. Ta farko taka ce, tana iya komai. Ta biyu ta abokai da kwastomomi ce: za su iya ƙara waƙa a cikin jeri, amma ba za su iya tsallake wadda ke tafiya ko goge jerin ba. Wanda ba shi da ko ɗaya sai dai ya ga abin da ke tashi. Sai dai ka sani, MPD ba ta ɓoye kalmar sirri idan tana wucewa tsakanin waya da kwamfuta, don haka kada ka kuskura ka sa irin wadda kake amfani da ita a manhajar banki ko Facebook.

Tayar da ita

systemctl --user enable --now mpd
export MPD_HOST=goro7391@localhost
mpc update
mpc add /
mpc repeat on
mpc play

Idan sauti ya fito, ka gama da mai wuyar. Idan shiru, ka rubuta systemctl --user status mpd ka karanta abin da ta ce. Saƙon "Address already in use" yana nufin waccan ta farko ba ta mutu ba, ka maimaita layin kashe ta. Sauran matsalolin yawanci alamar " ce da aka manta ba a rufe ba a fayil ɗin saiti.

Saboda ka zaɓi shiga kai tsaye tun wajen girkawa, daga yanzu da ka danna maɓallin kunna kwamfuta MPD za ta tashi da kanta. Abu ɗaya ya rage: ka shiga Power Manager ka hana kwamfutar yin barci, har da lokacin da aka rufe murfinta, a kan wuta da kuma a kan batiri.

Haɗa waya

Ka sauke M.A.L.P. daga F-Droid. Ƙarama ce, tana tafiya a kan Tecno da itel ba tare da nauyi ba. Za ta nemi adireshin kwamfutar, da lambar ƙofa, wato 6600, da kalmar sirri.

A nan ne mutane suka fi shan wahala. Dole waya da kwamfuta su kasance a kan Wi-Fi ɗaya. Abin da zai fara zuwa maka a rai shi ne ka kunna Hotspot na wayarka ka haɗa kwamfutar, ka rubuta hostname -I ka ga adireshinta. Zai yi aiki yau. Gobe ka sake kunnawa, sai ka tarar sababbin wayoyin Android sun canza lambobin, M.A.L.P. tana ta laluben adireshin jiya. Kuma ka koma gidan jiya, domin wayarka ta sake zama ginshiƙin komai.

Abin da ya fi shi ne kwamfutar ta zama ita ce mai ba da Wi-Fi:

nmcli device wifi hotspot ssid Shago password kalmarwifi88
nmcli connection modify Hotspot connection.autoconnect yes

Kalmar sirrin kada ta gaza haruffa 8. A wannan tsarin adireshin kwamfutar kullum 10.42.0.1 ne, ba ya canzawa. Ka haɗa wayarka da Shago, za ta yi ƙorafin babu intanet, ka ce mata ta zauna a haka. In M.A.L.P. ta ƙi haɗuwa, ka kashe data na ɗan lokaci, domin wasu wayoyin sukan bar Wi-Fi maras intanet su bi ta layin waya. Akwai tsofaffin laftof da na'urar Wi-Fi ɗinsu ba ta iya wannan aikin. In taka tana ciki, tsohuwar MiFi ko da babu data a kanta za ta haɗa su.

Sunayen waƙoƙi

Da ka buɗe jerin mawaƙa a M.A.L.P. za ka ga abin dariya. Rabin waƙoƙin babu sunan mawaƙi, sauran kuma sunan shafin da aka sauke su ne a wurin. Waɗanda suka zo ta WhatsApp sunansu AUD da lambobi. MPD ba ta san muryar kowa ba, bayanan da aka liƙa a jikin fayil take karantawa, waƙar da ta bi ta hannu goma a Xender kuwa ba ta isowa da bayanai masu kyau.

Kana iya gyara su da EasyTAG, amma wanda yake da waƙa dubu biyu ba zai gama ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tsara jakunkuna: ta Karatu, ta Tafsiri, ta Gargajiya, ta Zamani, ta Indiya, kowace da jakar mawaƙi ko malami a ciki, ka riƙa shiga ta ɓangaren fayiloli a M.A.L.P. Fayilolin tafsiri ka sa musu lamba 01, 02, 03, ba 1, 2, 3 ba, don kada zama na 10 ya riga na 2. Wajen ajiya ba matsala ba ce: MP3 mai matsakaicin inganci yana cin kusan mega 1 a minti, waƙa dubu masu minti biyar-biyar kusan giga 5 ke nan.

Ta san lokacin sallah

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so. Ka fara adana jeri: ka jera karatun da kake son a buɗe shago da shi, ka rubuta mpc save safe. Sannan ka rubuta crontab -e ka ƙara wannan a ƙasa:

MPD_HOST=goro7391@localhost
0 7 * * * mpc clear; mpc load safe; mpc play
50 15 * * * mpc pause
20 16 * * * mpc play
0 13 * * 5 mpc pause

Lamba ta farko minti ce, ta biyu awa a lissafin 24, ta ƙarshe kuma rana, 5 ita ce Juma'a. Wato ƙarfe 7 na safe karatu zai fara, 3:50 sauti ya tsaya don La'asar, 4:20 ya dawo, ranar Juma'a kuma ya yi shiru tun ƙarfe 1 har sai ka dawo ka kunna da kanka ko lokacin layin 4:20 ya yi. Lokutan nan misali ne, ka sa na masallacin unguwarku, ka ƙara na sauran salloli. Na Magariba shi ne mai yawan motsi, tsakanin Disamba da Yuli yana matsawa da kusan awa guda, sai ka riƙa gyara shi duk bayan 'yan makonni.

Duk wannan ya dogara ne da agogon kwamfutar. Kwamfutar da ke kan intanet tana gyara agogonta da kanta, tamu kuwa ba ta kai. Akwai wani ɗan batiri mai kama da kwabo a cikinta wanda ke riƙe lokaci idan an kashe ta, a tsofaffin laftof sau da yawa ya riga ya mutu. Ka rubuta date ka duba, ka kashe ta, ka zare caji da babban batiri na minti goma, ka kunna ka sake dubawa. In lokacin ya rikice, ka kai wa mai gyara ya canza ɗan batirin kafin ka dogara da jadawalin.