Kwana 28 Kacal Gare Ka, Ɗan'uwa Lauya

Abin da ya fi damuna a aikin kare lauyoyin da aka kai ƙara gaban kwamitin ladabtarwa, wato LPDC, shi ne yawancinsu sai bayan an yanke hukunci suke neman taimako. Mutumin da kullum yake gargaɗin jama'a kada su yi wasa da sammaci, shi ne zai jefa nasa a aljihun tebur, yana jin kunyar abokan aiki su sani.

Kwamitin nan yana ƙarƙashin Body of Benchers ne, kuma ikonsa ba ƙarami ba ne. Yana iya jan kunnenka, ko ya dakatar da kai na wani lokaci, ko ya sa a soke sunanka daga rajistar lauyoyi da ke Kotun Ƙoli. In aka soke, ka daina tsayawa gaban alƙali.

Dokar lauyoyi ta ba ka kwana 28 ka ɗaukaka ƙara, daga ranar da aka miƙa maka takardar hukuncin. In ka shigar a kan lokaci, hukuncin ba zai hau kanka ba sai an kori ƙararka ko ka janye ta. In ka bari kwanakin suka wuce, ya hau.

Ina za a kai ƙarar? A nan ake yawan yin tuntuɓe. A 2005 Kotun Ƙoli ta yarda a zo mata kai tsaye, bisa gyaran dokar na 1994. Amma a 2013 da 2014 sai ta ce a fara da kwamitin ɗaukaka ƙara na Body of Benchers. Saboda haka kada ka dogara da abin da ka haddace a makarantar lauyoyi. Ka nemo hukunci mafi sabunta kafin ka rubuta komai, domin ƙarar da aka kai inda ba shi da hurumi korarta ake yi, komai ƙarfin hujjarta.

Hujjar ma tun a zauren kwamitin ladabtarwa ake gina ta. A 1985 Gani Fawehinmi ya yi nasara a Kotun Ƙoli saboda Antoni Janar da ke tuhumarsa shi ne kuma shugaban kwamitin. Don haka ka halarci kowane zama, ka tabbatar an rubuta duk ƙorafinka na rashin sauraro cikin adalci, ka kuma ɗauki wani lauya ya tsaya maka. Wanda ransa yake a ɓace ba ya iya kare kansa da kyau.