Zafi da Laima: Darasi Daga Randa

Duk mun san ruwan randa yakan yi sanyi ƙarara a farkon bazara, amma da zarar hadari ya fara haɗuwa sai ya koma ɗumi-ɗumi. Dalili shi ne, ruwan da ke tsattsafowa a jikin randa yana bushewa ya tafi da zafi. Idan iska ta cika da laima, ba ya saurin bushewa. Haka jikinmu yake. Zufa ba ta sanyaya mu sai ta bushe.

Yadda ake aunawa

Ma'aikatan yanayi sukan jera ma'aunin zafi guda biyu. Ɗaya a bushe, ɗaya kuma an naɗe kansa da jiƙaƙƙen ƙyalle inda iska ke bugawa. Na biyun shi ke nuna iyakar sanyin da bushewar ruwa za ta iya kawowa. In tazarar da ke tsakaninsu ta yi yawa, iska a bushe take. In sun kusa zama ɗaya, laima ta yi yawa.

Misali, ranar da zafi ya kai digiri 40, laima kuma kashi 15 cikin 100, jiƙaƙƙen ma'auni zai nuna wajen 21. Amma ranar da zafi yake 35, laima kashi 75, zai nuna wajen 31. Rana ta biyu ta fi wahalar da jiki, ko da yake lambar da muka ji a rediyo ta fi ƙanƙanta.

A 2010 masana sun ƙiyasta cewa idan jiƙaƙƙen ma'auni ya kai 35 na tsawon sa'o'i, mai lafiya ma ba zai iya sanyaya jikinsa ba. Gwajin da aka yi a Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka, aka buga a 2022, ya nuna matsalar tana farawa tun wajen 31.

Me za mu yi?

1. Mu lura da wanki. In ya ƙi bushewa alhali ana zafi, ranar ta taka-tsantsan ce.
2. Mu yi sharar gona da sassafe ko da yamma, mu riƙa hutawa a inuwa.
3. Mu sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama mu.
4. Mu riƙa leƙa tsofaffi, jarirai da masu juna biyu, musamman a ɗakin kwano.
5. In wani ya ruɗe ko ya suma, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti. Kada a ɗura masa ruwa a baki.