Yadda Za Ka Gane Shafin Gwamnati Na Gaskiya

A da, in Hukuma tana da saƙo ga jama'a, sankira ne ke kewaya gari da shela, ko kuwa motar majigi ta sauka a ƙofar hakimi da almuru. Kowa ya san wanda ya aiko su. Yau saƙon yakan iso ta wayar hannu, ba kuwa kullum ne mai karatu ke sanin inda ya fito ba.

To, ga alama. Kowane shafin intanet yana da adireshi, wanda ake gani daga can sama. Na ma'aikatun Gwamnatin Tarayya da na jihohi yakan ƙare da .gov.ng. Wannan wutsiya ba a sayar da ita ga kowa. Hukumar NITDA ce ke tantance wanda za a ba, kuma hukumomin Gwamnati kaɗai ake ba. Amma .com, ko ɓarawo yana iya saye. Tambarin ƙasa da launin kore da fari ba shaida ba ne, gama yaro ma ya iya kwaikwayonsu.

A lura ƙwarai: haruffan nan su zo a ƙarshen sunan shafin, domin mazambata sukan cusa "gov" a tsakiya. Akwai 'yan hukumomi, kamar Hukumar Zaɓe, masu adireshin da ya ƙare da .org, irin waɗannan sai a tabbatar a ofishinsu.

Sa'ad da aka buɗe rajistar N-Power ta intanet a 2016, ko kwabo ba a nema ba. Duk shafin da ya ce ka biya kuɗi a asusun wani mutum kafin a ɗauke ka aiki, ko ya nemi lambar sirrin katinka na banki, rufe shi, ka kai rahoto ga 'yan sanda.